Gida a Ƙarƙashin Ruwa: Kewar da Ke Bin 'Yan Warra Duk Inda Suka Je

Da asuba a kasuwar Mile 12 ta Legas, tun rana ba ta keto ba, tireloli daga Arewa sun riga sun jeru, 'yan dako na ta sauke buhunan albasa. Ba a rasa samarin ƙasar Yauri a cikinsu: ɗan Warra, ɗan Libata, ɗan Gafara, ɗan Shanga. Yaro ya ɗora buhu a ka, warin albasa da na ƙasar da ke manne a bawonta su daki hancinsa. Nan take sai ka ga ya yi shiru. Gangar jikinsa na Legas, zuciyarsa ta kai bakin tafkin Kainji.

In ya sami sararin kiran gida, bayan ya gaida Inna da Baba ya tambayi lafiyar ƙanne, abin da ke biyo baya ɗaya ne: yaya ruwa? Ya fara ja, ko yana nan a cike?

Wanda bai tashi a bakin tafki ba zai yi mamakin wannan tambaya. Ga ɗan Warra kuwa, amsarta ce labarin gari gaba ɗaya. Ita za ta gaya masa ko gaɓa ta buɗe an fara shuka, ko kifi na kamuwa, ko jirage na samun tsayawa a kwata, ko akwai kuɗi a hannun mutane.

Kewar gida tsohon ciwo ne a ƙasar da ta saba da fatauci da ci-rani. Amma ta mutanen wannan yanki hawa biyu ce. Saurayin da ke Legas yana kewar garin da zai iya komawa da Sallah. Kakansa da ke zaune a gida shi ma kewar yake yi, ta garin da ɗan tuƙi kaɗan a kwalekwale zai kai shi kansa, amma babu mai iya taka shi, domin yana ƙarƙashin ruwa tun 1968.

Kafin tafki ya zo

Warra ita ce hedikwatar ƙaramar hukumar Ngaski a Jihar Kebbi, tana zaune a gaɓar gabas ta tafkin. Ngaski da Yauri da Shanga su ne ƙananan hukumomi uku na masarautar Yauri. Ƙasa ce mai dogon tarihi. A cikin Ngaski Birnin Yauri yake, tsohuwar fadar sarakunan Yauri kafin sarauta ta koma tsibirin Ikum, daga baya ta zauna a Yelwa wajen 1888. Ƙasar Ngaski ita ce aka sani da Maginga a tarihin Kambari.

A wancan zamani kogin Kwara ne uban kowa. Yana rarrabuwa yana haɗuwa, ya bar tsibirai birjik a tsakiyarsa. Gungu ake ce wa tsibiri, daga nan Gungawa suka sami sunan da Hausawa ke kiransu, ko da yake su Bareshe suke kiran kansu. Akwai Kambari a tudu, akwai Lopawa da Larawa da Shangawa a gaɓa, ga Sarkawa masu su, ga Fulani da ke sauko da shanu cin burgu idan ruwa ya ja.

Kogin yana cika sau biyu a shekara, kuma a kan wannan rayuwa ta ginu. Farin ruwa na zuwa da damina, wajen Agusta zuwa Oktoba, ɗauke da laka daga ruwan saman da ya sauka a ƙasashen kusa. Baƙin ruwa kuwa daga tsaunukan Gini yake tasowa. Yakan yi watanni yana ratsa fadamun Mali, ya zubar da lakarsa a hanya, ya iso Yauri garau a tsakiyar hunturu.

Wannan baƙin ruwa shi ne sirrin albasar Gungawa. Lokacin da sauran ƙasar Hausa ta bushe ƙamas, a nan kogi na cike, ruwa na daf da gona. Manomi ya ja fangalinsa a gaɓar tsibiri, ya ɗebi ruwa da hannu ya shayar da shuka. Da haka albasar Yauri ta yi suna har kasuwannin Kudu.

Shekarar da aka tashi mutane

An soma gina madatsar ruwa ta Kainji a 1964, zamanin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa. Kamfanonin Italiya ne suka yi aikin. A 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, aka tare kogin, ruwa ya fara taruwa. Janar Yakubu Gowon ya buɗe madatsar a farkon 1969.

Tafkin da ya samu ya kai tsawon kilomita 135 ko kusa da haka, faɗinsa kuma ya doshi murabba'in kilomita 1,300. Ya haɗiye tsohuwar Bussa, inda Bature mai yawon bincike Mungo Park ya halaka a 1806. Ya haɗiye mafi yawan babban tsibirin Foge, da gungaye da tungaye masu yawa.

Kimanin mutum 44,000 aka tasa daga garuruwa da ƙauyuka sama da 200 a masarautun Yauri da Borgu da Kontagora, aka tattara su a sababbin matsugunai ɗari da 'yan kai. Sarkin Yauri Muhammadu Tukur ne ke kan gado a lokacin.

Kafin ruwa ya rufe, masu binciken kayan tarihi sun yi gaggawar haƙa wasu wurare, ciki har da tsohuwar Warra da wani tudu kusa da Yelwa. Sun tono tukwane da kayan ƙarfe da siffofin yumɓu, wasu sun haura shekara dubu. Abin da hannu ya kai gare shi ke nan. Sauran yana can ƙasa: kufai, rijiyoyi, kukoki da tsamiyoyin da ake zama a gindinsu, da maƙabartun iyaye da kakanni.

Har gobe, in ka shiga kwalekwale da dattijon da ya ga wancan zamani, akwai inda zai daina tuƙi. Ruwa ne ko'ina, ba alamar komai. Sai ya ɗaga filafili ya nuna maka: nan ne masallaci, can ne kwatar mata, daga nan zuwa can gonar mahaifinsa. Ido ba ya ganin komai, amma shi yana ganin gari da lungunansa. In da bazara ne ruwa ya ja, sai baƙaƙen kututtura su leƙo, ya riƙa kiran kowace bishiya da sunanta.

Gidan siminti, zuciya a gungu

Gwamnati ba ta watsar da mutanen a fili ba. An gina musu gidaje na bulon siminti da rufin asbestos mai lanƙwasa, bisa zanen wani Bature mai tsara gine-gine, Robin Atkinson, wanda ya yi ƙoƙarin kwaikwayon fasalin gidajen gargajiya na yankin. A takarda, shirin ya sha yabo.

Mazauna ciki kuwa sun ga abin da takarda ba ta nuna ba. Ɗakin na ɗaukar zafi da bazara, ya yi sanyi da hunturu. In ya tsage, ba a yaɓe shi da laka kamar ɗakin ƙasa, sai an nemi siminti da kuɗi. Iyali na ƙaruwa, ɗaki ba ya ƙaruwa. Shi ya sa mutane da dama suka gina ɗakunan ƙasa da rumbuna a gefen na gwamnati, wasu ma suka bar gidajen suka koma kusa da ruwa suka kafa tunga.

Babban rashi shi ne na sana'a. Mutumin da ya gaji noman gaɓa, aka ɗora shi a kan tudu mai tsakuwa, aka ce ya noma dawa da gero. Bakin tafki kuma ba shi da tabbas irin na gaɓar kogi: ruwa na iya ja da nisa ya bar gona, ko ya hauro ya cinye ta, gwargwadon yadda ake tarewa da sakewa a madatsa. Sai da Gungawa suka yi shekaru suna sake koyon ruwan da suka ɗauka sun gama saninsa.

Wutar lantarkin da aka yi duk wannan dominta ta haska Legas da Kaduna, har Yamai ta Jamhuriyar Nijar ana kai ta. Ƙauyuka da yawa na bakin tafkin sun shafe shekaru da dama suna kallon manyan wayoyi na wucewa, su suna kunna fitilar kananzir. Wannan na cikin abin da ya sa kewar dattawa ta gauraya da ɗaci.

Me ke fitar da matasa yau?

Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi. Matasan Warra ba ƙin garinsu suke ba, dalilai ne ke tura su.

Na farko kifi. Da tafki ya cika, kifi ya yi ambaliya. A farkon shekarun 1970 abin da ake kamawa a shekara ya haura tan 20,000, masunta suka yi ta kwararowa daga ƙasar Nufe da Nijar da Mali. Kafin ƙarshen waɗannan shekaru kamun ya faɗo ƙasa da rabi. Masunta sun yi yawa, raga mai ƙananan idanu ta shigo. Dala, ragar da ake ja don kama warangi, tana kwashe har 'ya'yan manyan kifaye. A shekarun 1990 wani shirin haɗin gwiwa na Nijeriya da Jamus ya yi aiki da sarakunan ruwa don hana ta da tsara lasisin su. Duk da haka, masunci na yau yakan kwana a ruwa ya dawo da abin da bai kai kuɗin man injinsa ba.

Na biyu tsaro. Ranar 17 ga Yuni, 2021, 'yan bindiga suka afka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri suka sace ɗalibai da malamai. Sai a 2023 ragowar 'yan matan suka dawo gida. Ƙauyuka a Ngaski da Shanga sun sha hare-hare, manoma da dama suka bar gonakin nesa. Iyayen da ke da hali suka kai 'ya'yansu karatu wasu garuruwa, kuma yaron da ya tafi karatu ba kullum yake dawowa ba.

Na uku hanya. Titin da ya taso daga Malando ya bi ta Ngaski zuwa Warra ya daɗe yana cikin koke-koken jama'a. Ruwa kuwa, wanda shi ne babbar hanyar yankin, yana da nasa haɗari. Ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgin katako da ya ɗauko mutane sama da 150 tsakanin gaɓar Jihar Neja da Warra ya tarwatse a tafkin. Kimanin ashirin aka ceto. An yi kwanaki ana tsamo gawawwaki ana yi musu sallah. Lodi fiye da kima da tsufan jirage na cikin abin da ke jawo irin wannan, haka ma kututturan bishiyoyin da ba a sare ba kafin a tare kogi. Dajin da ruwa ya rufe a 1968 yana nan tsaye a ƙasa, yana fasa jirage.

Sai kuma abin da ke jan su daga waje: dako da acaɓa a Legas da Abuja, cinikin albasa da busasshen kifi a Onica da Ibadan, aikin gwamnati a Birnin Kebbi, haƙar zinariya a dazukan Yauri da Neja.

Abin da ake kewa

Ka tambayi ɗan Warra da ke birni abin da ya fi kewa, da wuya ya ambaci babban abu. Ƙananan abubuwa ne ke hana shi barci.

Yana kewar sararin ido. A gida in ya tsaya a kwata, ba abin da ke tare ganinsa sai inda ruwa ya haɗu da sama. A birni katanga ce gabansa, katanga bayansa. Legas ma ruwa ya kewaye ta, amma na gishiri ne, ba ya shan sa, ba ya wanka a ciki, bai san halinsa ba.

Yana kewar kifi mai suna. A gida ba a cewa kifi kawai. Giwan ruwa ne ko ƙarfasa, kurungu ne ko tarwaɗa, faliya ce ko yauni, kowanne da lokacinsa da irin miyar da ta dace da shi. A birni sai a miƙo masa daskararren kifin kwali da aka yo odarsa daga Turai, wanda ba wanda ya san ruwan da ya fito.

Yana kewar hayaƙin banda da yamma, lokacin da mata ke jera kifi a kan waya suna juyawa, yara na kewaye suna jiran wanda ya fashe. Yana kewar ƙarar injin jirgi da sassafe ranar kasuwa, da hayaniyar kwata, inda ake jin Hausa da Kambarci da Gunganci da Nufanci a wuri ɗaya.

Fiye da komai, yana kewar a san shi. A Warra in ya wuce, tsohuwa za ta kira shi da sunan kakansa, ta tambaye shi jikin gyatumarsa. In ya yi ba daidai ba, kowane babba na da ikon tsawata masa. A birni zai yi shekara a gida ɗaya da mutum bai san sunansa ba. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi a ɗakin haya, ranar yake gane nauyin kalmar baƙo.

Akwai kuma rashin da ba a jin zafinsa sai an daɗe. Harsunan yankin na ja da baya. Shanganci ya kusa miƙa wuya ga Hausa, Lopanci da Laranci masu magana da su kaɗan ne, Gunganci ma yana raguwa a bakin yara. Mu Hausawa ya kamata mu faɗi wannan da gaskiya, domin harshenmu ne ke maye gurbinsu. Yaron da aka haifa a Abuja, in ya zo hutu, sau da yawa sai an yi masa tafinta tsakaninsa da kakarsa.

Kowa da inda yake kallo

Ba kowa ne ke ganin al'amarin ta fuska ɗaya ba. Akwai masu cewa kewa na shafa wa jiya zuma. Suna tuna cewa rayuwar gungu na da wahalarta: makaranta da asibiti sun yi nisa, ciwon makantar kogi ya addabi ƙauyukan da ke kusa da gurguzun ruwa, mai naƙuda sai an tsallaka da ita a kwalekwale. A ganinsu, tattara mutane wuri ɗaya ne ya sa makaranta da kasuwa da hanyar mota suka iso.

Masu wannan ra'ayi na nuna abin da yankin ke da shi yanzu: noman rani da injin ban-ruwa, shinkafa, masana'antar tumatir ta GBfoods a Gafara, ma'adanan da ake haƙa a Libata. Suna cewa arzikin na nan, tsari ne ya yi ƙaranci.

Dattawan da aka tasa kuwa suna ganin an biya su ɗaki, ba a biya su ƙasa ba. Gona mai laka da ke sabunta kanta duk shekara ba ta da kwatankwaci a tudu, kabarin uwa kuma ba shi da diyya.

Mata na da nasu kason. Su ake bari da yara da tsofaffi idan maza sun tafi, su ke riƙe da banda da ƙananan sana'o'i, su ke jiran kuɗin da za a turo ta waya. Wadda aure ya kai birni kuma takan tarar da kanta a ɗaki ɗaya, ba dangi, ba maƙwabciyar da za ta bar wa yaro.

A ɓangaren hukuma, an sa hannu a dokar kafa hukumar raya yankunan da ke samar da wutar lantarki daga ruwa, HYPPADEC, a 2010, amma sai da aka yi kusan shekara goma kafin ta kama aiki. Hedikwatarta na Minna, kuma ɗan Yauri, Abubakar Sadiq Yelwa, aka naɗa ya shugabance ta. Ta raba rigunan kariya daga nutsewa, ta yi ayyukan ruwan sha da gine-gine a garuruwa. Jama'a na yabawa, suna kuma cewa bashin shekara hamsin ba ya biyuwa a 'yan shekaru.

Ba su kaɗai ba

Abin da ya sami mutanen Kainji ya sami wasu a Afirka a kusan lokaci guda. Madatsar Kariba ta tashi 'yan ƙabilar Tonga kimanin 57,000 a kogin Zambezi. Ta Akosombo a Ghana ta tashi kimanin 80,000. Babbar madatsar Aswan ta Masar ta nutsar da Wadi Halfa, aka kwashi Nubawan Sudan kimanin 50,000 a jirgin ƙasa zuwa wata ƙasa mai nisan ɗaruruwan kilomita daga kogin Nilu.

Nubawa sun yi wani abu da ya cancanci koyi. Sun riƙe sunayen ƙauyukansu, suka sa wa sababbin matsugunai, suka zuba kewarsu cikin waƙa da rubutu. A 1997 aka buɗe gidan tarihin Nuba a Aswan. Jikan da bai taɓa ganin tsohon gari ba yana da inda zai je ya ga kamanninsa.

Darasin bai tsufa ba, domin ana ci gaba da tare koguna. An kammala madatsar Zungeru a Jihar Neja, an kuma fara gina ta Kandaji a kan Kwara a Jamhuriyar Nijar, inda dubban mutane za su bar gidajensu. Su ma wata rana za su nuna wa jikoki ruwa su ce nan ne gida.

Kafin masu shaida su ƙare

Yaron da ke da shekara goma a 1968 yanzu ya doshi saba'in. Waɗanda suka yi noma da aure a gungayen da suka nutse saura ƙalilan. Duk dattijon da aka kai makwancinsa, da taswirar gari guda yake tafiya.

Yankin bai rasa masana ba. Ngaski ce ta haifi Farfesa Mahdi Adamu, masanin tarihin da ya yi bincike a kan Yauri ta ƙarni na 19, ya kuma shugabanci jami'ar Sakkwato. Sarkin Yauri na yanzu, Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, shi ma ya shugabanci wannan jami'a kafin ya hau gado a 1999. A Sabuwar Bussa akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa, wadda ta taso tare da tafkin. Abin da ake bukata shi ne a haɗa hannu a naɗi muryoyin tsofaffi, a rubuta sunan kowane gungu da kowace tunga da inda take, cikin harsunan masu su. Bikin Rigata, da ke tara 'yan Yauri daga ko'ina don tseren jirage da ninƙaya, wuri ne da ya dace a riƙa baje wannan tarihi.

Su ma 'yan ci-rani da ma'aikatan da ke nesa suna da rawar takawa. Zumunci a ƙafa yake. Ƙungiyoyinsu na birni, da ke tara kuɗi don biki da jana'iza, za su iya matsa wa hukuma lamba a kan abubuwan da kowa ya sani: a cire kututtura daga hanyoyin jirage, a hana lodin ganganci, a gyara titi, a samar da rumbun adana albasa da wurin sanyaya kifi, a tsare manomi a gonarsa. Waɗannan ne za su sa tafiya ta zama zaɓi, ta daina zama dole.

Akwai kuma aikin da ba ya jiran kowa. Wayar da saurayin Mile 12 ke kiran gida da ita tana ɗaukar murya. In ya dawo da Sallah, ya ɗauki kakansa a kwalekwale, su je inda tsohon yakan daina tuƙi. Ya bar shi ya nuna masallaci da kwatar mata da gonar mahaifinsa, ya kira kowace bishiya da sunanta, shi kuma ya naɗa. Ruwa ya riga ya ci garin. Sunansa da labarinsa kuwa suna hannun jikoki, in sun karɓa tun mai bayarwa na da rai.